Garin da doka ke zaɓa wa mutum launin bangon gidansa

A tsohon garin Santa Fe, babban birnin jihar Niyu Meziko da ke kudu maso yammacin Amurka, mutum bai isa ya wayi gari ya ce yau shuɗi yake marmari a bangon gidansa ba. Ko gadon gidan ya yi, ko da guminsa ya saya, duk bangon da mai wucewa zai hango daga titi dole ya zama launi ɗaya, launin kuma ya faɗa tsakanin ruwan ƙasa mai haske da ruwan ƙasa mai duhu, ba sheƙi ba ƙyalli. Haka dokar gari ta ce tun 1957, akwai kuma kwamitin da ke zama musamman don ganin an bi. Shi ya sa in ka dubi otal mai hawa biyar, da banki, da garejin ajiye motoci, da ɗan gidan da ke lungu, sai ka rantse daga rami ɗaya aka haƙo ƙasarsu.

Sai dai mafi yawan bangon nan ba ƙasa ba ne. Filastar siminti ce aka kwaɓa da garin kala aka shafa a kan bulo ko katako. Garin ya riƙe launin ƙasa gam, ƙasar kanta kuwa ya kusa sakinta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kangonsa yana gardama da mai fenti zai tsinci wani abu a yadda aka kai ga haka.

Lokacin da ginin ƙasa ya zama abin kunya

Sifaniyawa ne suka kafa Santa Fe a wajajen 1610, a yankin da al'ummomin Pueblo, wato 'yan asalin ƙasar, suka daɗe suna zaune a gidajen ƙasa masu hawa-hawa. Garin yana kan tudu, fiye da mita 2,000 sama da teku. Rana na da kaifi, iska a bushe take, ruwan shekara bai kai milimita 400 ba, wato bai kai rabin na Kano ba, da hunturu kuma dusar ƙanƙara ke sauka. Mutanen wurin sukan buga tubali a akwatin katako su shanya, su ɗora bango mai kauri, su gitta gungumen itace su yi rufin soro, su fitar da indararo. Yaɓe kuwa aikin mata ne. Su ke tace ƙasa, su kwaɓa da yashi da ramno, su shafa da tafin hannu, su bi da jiƙaƙƙiyar fatar tunkiya su goge.

A wancan zamani babu mai zaɓen launi, ramin da ya fi kusa ne ke zaɓa. Inda ƙasar ta yi ja gida ya yi ja, inda ta yi fari-fari gida ya bi ta. A gida ɗaya ma yaɓen bana bai cika dacewa da na bara ba. Fari kuwa sai cikin ɗaki da ƙarƙashin baranda, inda ruwa ba ya duka.

Amurka ta ƙwace yankin daga hannun Meziko a yaƙin 1846 zuwa 1848. Sojoji da 'yan kasuwar da suka kwararo daga gabas ba su ga abin burgewa a garin ba, a idonsu tarin laka ne kawai, sannu a hankali kuma masu faɗa a ji na gari suka ari wannan idon. Babban limamin Katolika, wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Lamy, ya fara gina babbar majami'a ta sassaƙaƙƙen dutse a 1869 a gurbin tsohuwar ta ƙasa. Fadar gwamna kanta, wadda ke bakin dandalin gari tun zamanin Sifaniyawa, sai da aka shafe fuskarta da filasta aka jajja layuka don mai kallo ya zata dutse ne. Da jirgin ƙasa ya iso a 1880 sai kaya suka samu: kwanon rufi, katakon inji, gilashi, fenti. Duk mai hali ya koma ginin jan bulo da rufin kwano, ginin ƙasa ya zama na wanda ba shi da yadda zai yi. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Jirgin da ya kawo kayan shi ne kuma ya karya garin. Babban layin dogon bai bi ta Santa Fe ba, ya ratsa ta wata 'yar tasha mai nisan kusan kilomita 30, aka jawo reshe kawai. Kasuwa ta koma birnin Albukerki da ke kan babban layin. Mutanen gari da suka haura 6,000 a 1880, sai ga su sun dawo wajen 5,000 a 1910.

A 1912, shekarar da Niyu Meziko ta zama jiha, magajin gari ya kafa kwamitin tsara birni don a nemo mafita. A ciki akwai masana kufai da kayan tarihi, irin su Edgar Lee Hewett da Sylvanus Morley. Lissafinsu shi ne Santa Fe ba za ta taɓa kamo Albukerki a ciniki ba, amma tana da tsufa da kamannin da ba na kowa ba, in an gyara su baƙi za su zo kallo, su kwana, su kashe kuɗi. A watan Nuwamba suka baje kolin hotuna da samfurin gine-gine a fadar gwamna, don mutanen gari su ga cewa abin da suke gudu shi ne jarinsu. Zuwa 1913 an kankare wa fadar kwalliyar aro, aka yi mata doguwar baranda mai ginshiƙan itace, wadda har yau 'yan asalin ƙasar ke baza kayan azurfa a ƙarƙashinta.

Gidan adana zane-zane da aka buɗe a 1917 shi ya zama abin koyi. Mai zanen ginin, Isaac Rapp, da abokan aikinsa sun kwaikwayi tsofaffin majami'un ƙasa na ƙauyukan Pueblo ne, kusurwa a dunƙule, kawunan itace sun leƙo waje. Amma cikinsa bulo ne, filastar siminti mai ruwan ƙasa aka bi shi da ita. Otal ɗin La Fonda na 1922 ma hanyar ya bi. Tun ranar farko ke nan kamanni aka ɗauko, aka bar kayan aikin. Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Wanda zai adana zane mai tsada ko ya kwantar da baƙi ɗari ba zai yarda da bangon da sai an sake yaɓe duk shekara ɗaya ko biyu ba.

Abin da dokar ta ce

Bayan yaƙin duniya na biyu gari ya fara cika, gine-ginen gilashi da ƙarfe irin na ko'ina suka fara leƙowa, masu kishin tsohon gari suka ga lallashi ya daina aiki. John Gaw Meem, wanda ya zo Santa Fe jinyar tarin fuka a 1920 ya warke ya zama babban mai zanen gine-ginen jihar, da marubuci Oliver La Farge, suna cikin waɗanda suka tsaya aka rubuta dokar 1957.

Dokar ba ta ce a yi gini da ƙasa ba. Cewa ta yi a yi ginin da zai yi kama da na ƙasa, ta kuma auna kamannin da lamba. Aƙalla kashi 80 cikin ɗari na fuskar ginin da ake gani daga titi ya zama yaɓen ƙasa ko filastar da ta kwaikwaye shi. Ƙofofi da tagogi kada su wuce kashi 40 na fuskar. Kada a buɗe taga ko ƙofa ƙasa da ƙafa uku daga kusurwa, saboda a ginin ƙasa na ainihi mai hankali ba ya huda kusurwa. Gilashi guda kada ya wuce inci 30, sai fa a ƙarƙashin baranda.

Sai launi. Fuskar gini launi ɗaya, mai dishi-dishi, filastar kuma ba mai kaushi sosai ba. Bangon ƙarƙashin baranda ne kawai aka yarda a yi masa fari ko wani launi dabam, ko ma zane, wato tsohon tsarin matan nan ne aka mayar doka. Ƙyaure da firam ɗin taga ma ba a matsa musu kamar bango ba, shi ya sa shuɗiyar ƙofa ta zama tambarin garin. Ana yawan gaya wa baƙi wai shuɗin yana korar aljanu. Ni dai abin da na fi yarda da shi, mutumin da aka hana taɓa bango a kan ƙofa zai huce.

Daga baya aka ƙara unguwanni, yanzu yankunan tarihi biyar ne, kowanne da nasa sassauci. A unguwannin da suka tashi bayan zuwan jirgi an yarda da launuka masu sanyi-sanyi banda ruwan ƙasa. A wani yankin kuma an fito fili an ce ruwan cakulan ba ya cikin ruwan ƙasa, fari fat ma haka, sai dai fari mai duhu-duhu. Gine-ginen da suka riga doka kuwa an bar su. Kusa da tsakiyar gari akwai katafaren ginin Mason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka, da aka gama a 1912, an kwaikwayo fadar Alhambra ta Andalus, ruwan hoda ne daga sama har ƙasa. Yau da wani zai nemi izinin irin wannan launi a sabon gini, da wuya takardarsa ta wuce.

An gwada dokar a kotu. Wani kamfanin shaguna, Gamble-Skogmo, ya gyara shagonsa da gilasan da suka wuce ƙa'ida, aka same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara yana cewa gari ba shi da hurumin tsoma baki a abin da bai wuce kwalliya ba. A 1964 kotun ƙolin jihar ta ba gari gaskiya, bisa hujjar cewa kamannin tsohon gari dukiyar jama'a ce, da shi ake cin abinci. Shari'ar taga ce, amma ita ta tsayar da dokar da ƙafafunta, har da batun launi.

Mai gida a gaban bangonsa

Wanda bai sani ba zai ɗauka tunda ruwan ƙasa ne kawai, zaɓi ya ƙare. Ina! Kamfanonin filasta irin su El Rey na Albukerki suna da kati mai launuka da dama, daga ruwan madara zuwa ruwan zuma, zuwa mai jaja-jaja, zuwa mai kusa da ruwan makuba, kowanne da suna da lamba. Mai gida zai zaɓa ya rubuta a takardar neman izini. Ƙaramin aiki a ofis ake gama shi, babba kuwa sai an je gaban kwamiti, a zaman da maƙwabta ke da damar tashi su yi magana.

Filastar siminti shafi uku ce. In bangon katako ne a fara lulluɓe shi da takardar kwalta da ragar waya, a yi shafin farko a kakkarce shi tun yana ɗanye don na biyu ya samu abin kamawa. Na biyu shi ke daidaita bango. Na uku siriri ne, bai fi milimita uku ba, shi ke ɗauke da launi. Ba fenti ba ne, a cikin kwaɓin kalar take. Garin kalar kuwa galibi tsatsar ƙarfe ce, abin da ya sa jar ƙasa ta zama ja tun asali, kuma a ganina wannan na cikin abin da ya sa dokar ta ɗore. Tsatsa ba ta da sauran abin da rana za ta ƙona a jikinta, simintin da ke cin hannun lebura ma ba ya cin ta. Launuka masu ƙyalli da yawa, musamman ja mai haske, shekara kaɗan suke yi a irin wannan rana su koɗe. Da a ce launi mai koɗewa aka wajabta, da tuni kuɗin gyara ya sa masu gidaje sun yi tawaye.

Katin kamfani dai ba a gama magana da shi. Ɗan gutsuren da ya yi kyau a hannu cikin shago, in ya hau bango mai faɗin mita goma da tsakar rana sai ya yi haske fiye da yadda aka zata, mai ɗan ja-ja ma ya koma ruwan hoda. Don haka ƙwararren mai filasta yakan kwaɓa kaɗan daga launi biyu ko uku, ya shafa kowanne kamu biyu-biyu a bangon da ke kallon kudu, ya sake shafawa a na arewa da ba ya samun rana, sannan ya wanke cokalinsa ya ce sai bayan 'yan kwanaki. Ɗanyar filasta ta fi busasshiya duhu nesa ba kusa ba. Mai gida zai fito da hantsi ya duba, ya fito da la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ja ya sake dubawa, ya watsa wa gefe ɗaya ruwa ya ga yadda bangon zai koma ranar da aka yi ruwan sama. Maganar maginanmu ce dai: “Alhaji, a bari ya sha iska tukuna, yanzu ba za ka gane kalarsa ba.”

Ranar shafin ƙarshe ba a tsayawa a tsakiyar bango, daga kusurwa zuwa kusurwa ake kaiwa kafin a huta, ruwan kwaɓi kuma a auna shi daidai kowane zubi, domin zubi ɗaya da ya fi ruwa zai bar tabon da ba ya gogewa. Ko an kiyaye duk wannan, filastar siminti ba ta fita sumul. Nan duhu can haske take yi. Baƙon da ya sayi gida yakan ɗauka aikin ne ya ɓaci, 'yan gari kuwa wannan rashin daidaiton suke nema, don shi ya fi kusa da yaɓen ƙasa.

Daga wajajen shekarun 1980 filastar roba ta yaɗu, wadda ake sayarwa a bokiti a kwaɓe. Launinta ɗaya ne tas, tana ɗan miƙewa ta rufe ƙananan tsaga, tana kuma riƙe launi mai duhu fiye da siminti. Masu gina rukunin gidaje sun rungume ta. Amma a ido ta fiye santsi, kuma ba ta barin danshi ya fita kamar ta siminti, balle ta ƙasa, shi ya sa a kan tsofaffin gine-gine masu kula da dokar suka fi tsayawa a kan siminti ko yaɓe.

Zafi ma yana cikin lissafi, sai dai ba irin lissafinmu ba. A Santa Fe dare na da sanyi ko da bazara, hunturu kuma na daskarar da ruwa, don haka bangon kudu mai kauri da ɗan duhu alheri ne: ya sha rana da yini, ya saki ɗumin cikin ɗaki da dare. Wanda zai kwafi ruwan makubar can ya shafa a bulon inci shida a Sakkwato, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, ɗakinsa ne zai gaya masa. Abin da za mu iya ɗauka kai tsaye shi ne batun ƙura. Titunan tsohuwar unguwar gabas da dama har yau ba kwalta, kuma bango mai launin ƙasar wurin ba ya nuna ƙura, ba ya nuna fallatsin ruwan indararo a gindinsa. Farin gida a bakin titin birji kuwa hunturu ɗaya ya ishe shi.

Abin da ke bayan launin

Babbar matsalar ba a sababbin gine-gine ta ɓullo ba, a tsofaffin ne. Tunda ido ya saba ganin siminti mai ruwan ƙasa a matsayin ƙasa, sai masu gidajen ƙasa na ainihi suka ce, to mu me ya sa za mu ci gaba da wahala? Samari sun tafi birane neman aiki, matan da suka iya yaɓe sun tsufa. A tsakiyar ƙarni na 20 gida bayan gida, majami'a bayan majami'a, aka buga musu ragar waya aka rufe da siminti. Launi bai canza ba, doka ta gamsu, mai gida ya huta.

Misalin da aka fi sani yana Ranchos de Taos, kimanin kilomita 110 arewa da Santa Fe. Dokar ba ta kai can ba, amma tunanin ɗaya ne. Can akwai majami'ar San Francisco de Asís, ginin ƙasa da aka gama a farkon ƙarni na 19, wadda Georgia O'Keeffe ta zana, Ansel Adams ya ɗauki hotonta, har ta shahara a faɗin Amurka. A 1967 aka shafe ta da siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara.

Siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare, don haka ba a daɗewa siminti ke tsagewa, galibi a saman bango da gefen indararo. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara su shiga ta tsagar, danshi kuma ya hau ta gindin bango. Da yaɓen ƙasa ne, in rana ta fito zai bushe. Siminti kuwa ya toshe hanyar fita. Tubali ya jiƙa ya zauna a jiƙe, ya yi laushi, ya fara zubewa a ɓoye, alhali daga waje bango na nan garau da launinsa. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Zuwa 1979 ɓarnar ta kai inda dole aka ɓamɓare simintin, aka sake ɗora sassan da suka lalace da sabon tubali. Tun daga nan mutanen garin suka koma tsohuwar hanya. Duk watan Yuni suna fitowa, maza da mata da yara, da baro da shebur, a tace ƙasa, a kwaɓa, a hau tsani a shafa, a bi da fatar tunkiya, aikin kusan mako biyu. Launin da ya fito shi ne launin majami'ar na wannan shekara. A cikin Santa Fe ma ƙungiyar Cornerstones ta jagoranci cire siminti daga majami'ar San Miguel tun daga 2010, aka mayar mata da yaɓe da hannun 'yan sa-kai.

Wannan ciwo mun san shi. Ka shiga lungunan cikin birnin Kano ko Zariya a ƙarshen watan Agusta, za ka ga katangar ƙasa da aka yi wa filastar siminti ta kumbura ta ɓalle fale-fale, tubalin ciki ya zama taɓo. Magabatanmu da makuba suke kare bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, kuma suna korar ruwa ba tare da sun shaƙe bangon ba. Ruwanmu ya ninka nasu, abin da ya ɗauki shekara 12 a Taos ba lallai ya kai haka ba a nan.

Wa ya ci ribar

Ta fuskar abin da mutanen 1912 suka nema, dabarar ta yi aiki fiye da zatonsu. Garin da bai kai mutum 90,000 ba a ƙidayar 2020 yana karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara. Kasuwar kayan hannu ta 'yan asalin ƙasar da aka faro a 1922 tana cika gari duk watan Agusta, a 2005 kuma UNESCO ta sa Santa Fe cikin biranen fasaha, na farko a Amurka. Hoton titi ɗaya ya isa ka gane garin.

Masu suka ma suna da hujja. Tsohon garin da dokar ke karewa bai taɓa zama launi ɗaya haka ba. Shagunan jan bulo na bakin dandali an rufe su da filasta, tsohon ginin majalisar jiha na 1900 an cire masa ƙubba a wajajen 1950 don ya shiga sahu, alhali shekarun bulo da kwano su ma tarihin garin ne. Masu zanen gine-gine kuma na ƙorafin an ɗaure musu hannu, komai ka zana ƙarshenta akwati ne ruwan ƙasa, da kawunan itacen ƙarya da aka manna a bango ba sa ɗauke da komai. A nan rabi nake tare da su. Otal mai hawa biyar da aka yi wa shigar ɗakin ƙasa abin dariya ne, amma wanda ya bi sababbin unguwanninmu ya ga gida ruwan goro jingine da kore shar, jingine da tayil mai ɗaukar ido, zai fahimci abin da mutanen 1957 suka ji tsoro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne farashi. Unguwar gabas, wadda iyalai masu jin Sifaniyanci suka gina da hannunsu suka gada kaka da kakanni, yanzu tana cikin mafi tsada, harajin gida ya hau, da yawa sun sayar sun tashi. Matsakaicin kuɗin gida a garin ya haura dala 500,000 a 'yan shekarun nan. Ginin tubali na gaske, da yake aikin hannu ne mai cin lebura, ya koma na masu kuɗi. Jikokin masu yaɓen da dama sun koma kudancin gari, wajen titin filin jirgi, a gidajen katako da aka rufe da filasta, wasu a irin gidajen nan da ake jawowa da mota a ajiye. Ƙa'idojin yankunan tarihi ba su kai can ba. Duk da haka rukunin gidajen da ake ginawa a wurin kusan duk ruwan ƙasa ne, wani wuri saboda sharaɗin masu rukunin, wani wuri kuma saboda dillalai sun san shi ne launin da ke saurin samun mai saye.